Koren Kwanon Yaye

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina liƙin roba a Damagaram. Rumfata tana bakin hanyar da ta gangara kasuwa. Abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba: kaskon gawayi, ƙarafa uku da na buga daga tsohon zarto, almakashi, da buhun guntayen roba. A garin da ruwa yake wahala mai liƙin bido, wato jarkar ruwa, ba ya zaman banza. Bido ya tsage, bokiti ya fashe, buta ta huje, duk wurina ake kawowa. In sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, in yanko siririyar roba, in narka ta a bakin tsagar, in shafe. Aikin ke nan. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, a garinmu Droum aka mayar da ni gona, don haka kada wani ya jira bayanin masu ilimi daga wurina. Abin da na sani hancina ne ya koya mini.

Mutane suna ganin roba duk roba ce. Ba haka ba ne. Akwai wadda in ta ji wuta take ɗiga kamar kyandir, warinta ma na kyandir ne, wannan ba ta da faɗa. Akwai mai baƙin hayaƙi da ke barin toka tana yawo a iska. Akwai wadda ke shiga ido ta sauka maƙogwaro, ka yini kana tari. Tun ina ƙidaya irinsu har na gaji. Abin da ya rage mini daga shekarun nan shi ne tarin da ba ya warkewa, da kuma rashin yarda da duk wani abu mai sheƙi.

Ƴata ta fari tana aure a unguwar Birni, gidan Barebari. Ƴan kasuwa ne tun kakanni, shi mijin kuma yana aiki a biro, wato ofis. Uwarsa ita ce Hajja, mace mai tsabta da kaifin baki, wadda in ta shigo gidanka sai ka fara ganin dattin da ba ka taɓa lura da shi ba. Ba ta taɓa wulaƙanta ni ba, wannan gaskiya ce. Amma ba ta taɓa mantawa da sana'ata ba, ni ma kuma ba ta bari in manta.

Da jikarmu ta kusa shekara biyu aka ce za a yaye ta. A wurinmu wajen kakarsa ta uwa ake kai yaro, ya yi sati biyu ko fiye har ya manta da nono, sannan a mayar da shi. Kuma ba a mayar da shi yadda aka kawo shi. Sai ya yi kumatu, dangin uba su ɗaga shi su ji nauyi, su ce lallai an riƙe shi da kyau. Matata ta daɗe tana jiran wannan sati biyun. Ta surfa gero, ta soya gyaɗa, ta karɓo rubutun yaye wurin malamin unguwa tun kafin ranar ta zo.

Ranar wata Juma'a da hantsi Hajja ta kawo yarinyar da kanta. Ta sauke jakar tufafi, sabulu, sukari, sannan ta fito da wani kwano daga cikin leda. Kore shar, na roba, da hoton agwagwa a tsakiyarsa, da ɗan kofinsa da cokalinsa duk kore.

"Wannan nata ne," in ji Hajja. "Ba ta cin abinci a wani kwanon. A butik na saya mata, ba na tallan kasuwa ba ne."

Ban san lokacin da na ɗauka na kai hanci ba. Sabo ne ya jawo, duk robar da ta shigo hannuna haka nake mata. Matata ta harare ni.

Hajja ta yi dariya. "Malam, sabo ne, bai fashe ba tukuna. In ya fashe ai mun san gidan da za mu kawo."

Na ajiye shi. Amma na riga na ji abin da na ji. Wani wari ne siriri, kamar na sabon takalmi. Kwanon abinci bai kamata ya yi warin takalmi ba.

Yarinyar ta yini tana kuka tana neman uwarta. Ni ina ce mata amaryata, irin wasan kaka da jika, ina cewa amarya ta tare ta ƙi ango. Ba ta kula ni ba. Da la'asar matata ta dama kunun gyaɗa, ta sheƙa shi da zafinsa cikin koren kwanon tana fifitawa. Ina zaune a kan tabarma tururin ya biyo ta gabana. Ƙamshin gyaɗa ne, amma a ƙarƙashinsa akwai wancan warin, ya ƙara ƙarfi.

Na ce, "Ki zuba mata a ƙoƙo mana."

"Ka ji abin da Hajja ta ce."

"Hajja ba ta nan."

"Yarinyar tana nan. Ka ga ta karɓi wani abu yau in ba don agwagwar nan ba?"

Gaskiyarta ce. Sai ta ga agwagwa ta fito a ƙasan kwano take yarda ta buɗe baki, matata tana cewa sha ki ga agwagwa, sha ki ga agwagwa. Na ƙyale su.

Ranar Juma'a bakin agwagwar ja ne wur. Ranar Lahadi ya koɗe, ya koma kamar tsohon lalle. Na kira matata na nuna mata.

"Ina jan ya tafi?"

"Wanki ne."

"Da soso kike dirza shi?"

"Da hannu nake wankewa."

"To ina ya tafi?"

"Ka tambayi agwagwar, Malam. Ni ina da aiki."

Ni dai na san fenti ba ya tashi sama. In ba ya cikin ruwan wanke-wanke, yana cikin yarinyar. Na yini a rumfa da wannan tunanin. Wa ya ƙera kwanon? A wace ƙasa? Na juya gindinsa da safe ban ga komai ba sai wasu ƙananan alamu da ban iya karantawa ba. Wanda ya yi shi bai san jikata ba, ba zai taɓa ganinta ba. Mai butik ɗin ma bai sani ba, kwali ya buɗe ya jera. Ni da nake narka roba kullum na san ana tattara tsofaffi a niƙe a sake zubawa, kuma wanda ke niƙawa ba ya tambayar abin da aka taɓa zubawa a ciki. Kore mai kyau yana rufe komai.

Ranar Litinin amaryata ta yi fushi ta yi jifa da kwanon, ya bugi turmi. Ya tsage daga baki zuwa ƙasa kamar tsawon ɗan yatsa. Matata ba ta aiko kowa ba, da kanta ta zo rumfa, kwanon a ɓoye cikin mayafi kamar kayan sata.

"Ka liƙe shi yadda ba za a gane ba."

Na ce, "Allah ya kawo mana dalili. Mu jefar da shi."

"Kwana uku kwanon mutane ya yi a gidanmu. So kake a ce ko kwano ba mu iya riƙewa ba, balle ƴa?"

"Yarinya ce ta fasa."

"Ba haka za a faɗa a Birni ba, kai ma ka sani. Kuma tun safe ba ta ci komai ba, agwagwa take nema."

A nan na yi abin da ban saba yi ba. Ƙa'idar aikina ita ce a zaɓi roba da irinta, ta bido ga bido, ta bokiti ga bokiti, in ba haka ba liƙin ba ya kamawa. Launi bai dame ni ba, kuma bai damu masu kawo mini aiki ba, jan bokiti da baƙin faci ai ruwa yake ɗiba. Amma ranar nan Hajja ce a gaban idona. Na zazzage buhu ina neman kore. Guntayen nan na daɗe da yanka su siri-siri na ɗaɗɗaure, wasu sun shekara biyu. Na yi ta karawa da jikin kwanon har na samu wadda ta dace da shi kamar tare aka yi su. Na gwada, ta kama. Na liƙe ta ciki da waje, na goge da bayan ƙarfe mai ɗumi, na kankare da reza. A duk shekaruna ban taɓa yin liƙi mai kyau irin wannan ba. Har na ɗaga shi a rana ina jin daɗin kaina.

Matata ta duba ta ce, "Ashe ka iya aiki in ka ga dama."

Ranar Laraba zawo ya fara. Kafin azahar amai ya biyo baya. Yarinyar da ke jifa da kwano ta kwanta a cinyar kakarta ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi. Matan maƙwabta suka shigo, kowa da nata. Wata ta ce yaye ne, kowane yaro yana yi. Wata ta ce haƙori. Wata ta rage murya ta ce yarinya mai kyau irin wannan baki ne, a nemi hayaƙi. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon koren kwanon a kife kan kwando. Na zargi mai ruwan da ke kawo mana bido, na zargi gyaɗar, na zargi ƙudajen gidan, amma duk inda na zaga sai in dawo kan kwanon. Kuma, Allah ya yafe mini, a can cikin raina akwai wani ɓangare da ke cewa ai na faɗa tun ranar farko.

Da sassafen Alhamis muka tafi likita. Matata ta goya yarinyar, ni na riƙe kwanon cikin leda. Majo ɗin, wato mai duba marasa lafiya, mace ce, ba ta fi ƴata ba a shekaru, fuskarta a gajiye tun kafin rana ta ɗaga. Ta duba idon yarinyar, ta ja fatar cikinta ta saki, ta tambayi sau nawa ta yi. Ta ba mu sashe, ƴar ledar garin da ake kaɗawa a tafasasshen ruwa da wasu ƙananan ƙwayoyi, ta ce a yi ta ba ta kaɗan-kaɗan ko tana amayarwa, kuma kada a hana ta abinci. Ta rubuta a karne, ɗan littafin asibiti. Matata ta miƙe. Ni na ɗora kwanon a kan tebur.

"Baba, abinci ka kawo mini?"

"So nake a yi masa analiz."

"Kwanon?"

"Shi. Tun da ta fara ci a ciki fentinsa yake tafiya. Yana wari in ya ji zafi."

Ba ta yi mini dariya ba, wannan kam na yaba mata. Ta ce a nan mutane suke aunawa, su ma ba kowane awo suke da shi ba. Ta ce zawon yaye hanyarsa da yawa, ruwa, hannu, ƙuda, sauyin abinci, kuma mafi yawa a nan ake samun dalilin.

"Amma abu mai zafi a irin wannan robar, ni ba na zuba wa nawa yaran," in ji ta. "Ban ce shi ne ba, Baba. Ba ni da abin da zan gane da shi."

Tana magana tana juya kwanon a hannu. Sai babban yatsanta ya tsaya a wuri ɗaya. Ta kai shi kusa da taga.

"An liƙe shi a nan."

"An liƙe."

"Wa ya liƙe?"

"Ni. Aikina ne."

"Ka iya kuwa. Da me?"

"Da roba."

"Robar me?"

Launinta kawai na sani, ban san daga jikin me na yanko ta ba. Ita ba da wata manufa ta tambaya ba, har ta miƙo mini kwanon ta kira na gaba. Na raka su matata bakin titi na sa su a kabu-kabu, ni na wuce rumfa da ƙafa.

Ƙanena yana noma a Droum, gero da gyaɗa da wake. In ya shigo gari yakan taho mini da duk wata tsohuwar roba da ya tsinta, don ya san ina so. A cikinsu akwai kwalaben maganin feshin wake. Nakan ɗauraye su sau ɗaya in yanka, da niyyar in riƙa sa su a bahon wanki da abin da ba na ci ba. Da farko ina ware su gefe. Daga baya buhu ya yage, na haɗa komai wuri ɗaya, na manta. Wasu daga cikin kwalaben nan koraye ne.

Ragowar guntun da na yi aiki da shi yana nan kusa da kasko inda na yar. Na hura wuta, na sa ƙarfe ya yi zafi, na ɗora shi a kai na sunkuya. Ranar Litinin ina sauri, hankalina yana kan launi, iska kuma tana kaɗa hayaƙin waje. Yau na tsaya na shaƙa. Warin gonar wake ne bayan an yi feshi. Ba mai ƙarfi ba, amma wanda ya tashi a Droum ba zai ɓata shi ba.

Na daɗe a tsugune. Sannan na ɗauki reza na yanki ɗan ƙanƙani daga bakin kwanon, nesa da liƙina, na ɗora a ƙarfe. Baƙin hayaƙi ya tashi, mai shiga ido. Shi ma ba na kirki ba ne. To ga su nan biyu, na Hajja da nawa, a kwano ɗaya, kuma babu wanda zai iya ce mini wanne ne, ko ma ba ko ɗaya ba.

Da na gaya wa matata sai ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Wa ya sani bayan ni da kai?"

"Babu."

"To ka bar shi a nan. Yarinya ta fara riƙe ruwa. Ka jefa kwanon a masai, mu ce ya ɓata."

"In ta sayo wani irinsa fa?"

"Sai ka ce mata kwanon ne ba ka yarda da shi ba. Ai tun farko kake faɗa. Ba ƙarya ka yi ba."

Ba ƙarya ba ce, rabin gaskiya ce, kuma rabin da ya fi mini daɗi. Da na ɗora wa kwanon butik laifin duka, da na fita da girmana, har in zama tsohon da hancinsa ya ceci jika. Na yi tunanin hakan sosai, ba zan ɓoye ba. Abin da ya hana ni shi ne, in jikin yarinyar ya sake rikicewa bayan ta koma Birni, za su kai ta likita ba su san abin da za su faɗa ba.

Labari ya riga ya kai Birni. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Hajja ta shigo. Ta karɓi yarinyar ta duba idonta, ta taɓa maɗigarta. Na ɗauko kwanon na ajiye a gabanta a kan tabarma. Na faɗa mata warin, na faɗa mata bakin agwagwa. Ta fara ɗaure fuska. Sai na juya shi na nuna mata liƙin, na faɗa mata abin da na liƙe da shi da kuma dalilin da ya sa na zaɓi kore.

Ta shafa wurin da yatsa. Sai da ta nema kafin ta samu.

"Don kada in gani ka yi wannan?"

"Don kada ki gani."

"Da ka aiko mini cewa ya fashe, me zan yi maka, Malam? Duka?"

"Magana za ki yi."

"Magana kam da na yi." Ta ajiye kwanon. "Ni na saya, kai ka liƙe, ita ta ci. Ita kaɗai ce ba a tambaya ba."

Ta juya wurin matata ta ce a haɗa mata kayan yarinyar. Matata ta ce saura sati guda, kuma jikin ya fara sauƙi. Hajja ta ce ta gani, Allah ya saka da alheri, amma hankalinta zai fi kwanciya in tana ganinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta goya ta da kanta, ta karɓi sashen magani da karne, ta fita. Kwanon ta bar shi a kan tabarma.

A unguwarmu ba a taɓa ɗauke ɗan yaye kafin kwanakinsa su cika ba. Matan da suka zo ba da shawara ranar Laraba duk sun ga fitar Hajja. Geron da aka surfa mu muka shanye shi. Matata ta yi kwanaki ba ta ce mini komai ba sai ga abinci, ga ruwa. Ban ga laifinta ba.

Yarinyar ta warke cikin kwana huɗu ko biyar. Majo ta ce ƙila ruwa ne. Hajja ta ce liƙina ne. Ni har yau ina zargin agwagwar, kuma ina zargin kaina, ya danganta da ranar. Korayen guntayen duka na haƙa rami bayan gari na binne, na aika wa ƙanena kada ya sake kawo mini kwalbar magani. Abin da ban iya tonowa ba shi ne yawan bidon ruwan sha da na liƙe da su kafin nan, da gidajen da suke. Na daina liƙin kwano da kofi da duk abin da ake cin abinci a ciki. Masu kawowa suna cewa na yi girman kai. Su je wurin wani.

Bayan kamar wata guda, ina rumfa da hantsi, sai ga mijin ƴata a kan moto, wato babur, da buhu a baya. Ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ni, da rigarsa ta biro a cikin tokar gawayi. Sannan ya kwance buhun. Kwanoni ne na roba, kofuna, cokula, bibiro na shan madara, har da abin wasa, ja da shuɗi da rawaya.

"Baba, Hajja ce ta ce a kawo maka."

"Fashewa suka yi?"

"A'a. Ta ce ka shinshina, ka ware na kirki."

Na dube shi ko wasa yake. Ba wasa yake ba, kansa a ƙasa. Na ce masa hancina ba ya gane roba sosai sai na ƙona ta, wadda na ƙona kuma ta tashi aiki, kuma ko wadda ta yi warin kyandir ban isa in rantse a kanta ba. Na ce ya gaya wa Hajja mai sanyi a zuba a duk wanda aka ga dama, mai zafi kuwa a nemi kwanon silba ko ƙoƙo. Akwai ƙoƙo biyu a rumfa waɗanda ƙanena ya kawo daga gona, na ba shi ɗaya.

Ya juya shi a hannu ya ce, "Ba agwagwa, Baba. Ba za ta ci ba."

Na karɓa, na sa siririn ƙarfena a wuta, na zana mata agwagwa a bayan ƙoƙon, ta waje. Ba ta yi kyau ba, ta fi kama da zabuwa.

Zuwa yanzu amaryata ta fasa ƙoƙo uku. Duk wanda ta fasa Hajja takan aiko a karɓi wani, da saƙon cewa a gyara wuyan agwagwar. Ƙoƙo ba ya liƙuwa da wuta, in ya fashe ya fashe. Koren kwanon yana rataye a ƙusa a rumfata, ina zuba ƙananan kusoshi a ciki. Liƙin bai saki ba har yau.